Bayan masallaci, gidan da ke da darbejiya

Ranar da aka sauke mana sababbin kwamfutoci a cibiyar kiran gaggawa, na ɗauka wahala ta ƙare. Kira ya shigo ta 112, lamba ta fito a allo, ka danna, bayani ya wuce ga 'yan sanda, ko 'yan kwana-kwana, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko motar asibiti. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ce ta kafa irin waɗannan cibiyoyi a jihohi, ta Abuja kuma Shugaba Buhari ne ya buɗe ta a Maris 2020. Kiran kyauta ne, ko babu sisi a wayarka zai shiga.

To, kyautar nan ita ta fara ba mu ciwon kai. Yara su kira su ƙyalƙyale da dariya, wani ya ce a tura masa kati, wani kuwa cikin dare hira kawai yake nema. Da yake ni ke kula da masu ɗaukar kira, na'urar kuma tana ƙirga daƙiƙun kowa, sai na kafa doka: a gajarta magana. Duk Litinin nakan liƙa sunayen masu jan kira a bango. Ina ta jin kaina gwani.

Wata safiya cikin hunturu na zauna sauraron kiraye-kirayen daren jiya, na ci karo da muryar wata dattijuwa, numfashinta sama-sama. Wuta ce ta kama ɗakin jikokinta. Yarinyar da ta ɗauki kiran tana cewa, "Mama, lambar gida nawa? Sunan titi fa?" Ita kuwa tana ta maimaita, "'Yar nan, bayan masallacin Juma'a, ki wuce mai shayi, gidan da ke da darbejiya." Ana jin yarinyar tana hanzari, kuma na san wanda take tsoro. Ta tura sunan unguwa kawai, mota ta yi ta zagaye. Allah Ya sa maƙwabta sun riga sun kashe da bokitai.

Ban yi mata faɗa ba, takardar bangon na cire. A Ingila tun 2014 aka fito da tsarin da waya ke aika ainihin inda mutum yake da kanta in ya kira lambar gaggawa. Mu a lungunanmu har yanzu bakin mai kira ne taswira, shi kuma baki sai an ba shi lokaci.

Sai muka bi masu unguwanni da direbobin motar asibiti, muna rubuta sunayen da jama'a ke kiran wurare da su: kwanar wane, tsohuwar tasha, rijiyar da aka cike tun da daɗewa amma sunanta bai mutu ba. Duk muka zuba a kwamfuta. Na kuma daina duba daƙiƙu, na koma sa a sake kiran mutum a tambaye shi, "Baba, sun iso?" A nan na gane sau da yawa allo ya nuna an tura, motar kuwa tana ajiye babu mai. Wannan ya fi ƙarfin kujerata, rahoto nake rubutawa, ina kuma maimaitawa.

Makon jiya direba ya zo ya ce mai shayin nan ya koma tsallaken titi. Gobe zan gyara a kwamfuta.