Abin da Yara Ke Gani Idan An Kai Su Jami'a

A makarantar da nake koyarwa, a kudancin jihar Katsina, al'ada ce duk shekara a cika bas da ɗalibai a kai su ziyara wata babbar makaranta. Ni aka fi ɗora wa jagorancin tafiyar, saboda a Samaru na yi karatu kuma ana ganin na san lungunan wurin, don haka Jami'ar Ahmadu Bello muka fi nufa. Makonni kafin ranar ake aika takarda, a nemi yardar iyaye, a tara kuɗin mota. Ranar tafiya kuwa aikin malami ƙirga kawuna ne: a ƙirga kafin a tashi, a ƙirga a bakin get, a sake ƙirgawa bayan sallar azahar.

Kowane jagora yana da karatun da yake biyawa. An buɗe jami'ar a watan Oktoba na 1962, an sa mata sunan Sardauna. Shugabanta na farko Bature ne, Norman Alexander, sai Farfesa Ishaya Audu ya gaje shi a 1966. Ga dogon ginin hukumar gudanarwa, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, wanda aka sa wa sunan gwamnan Jihar Arewa. Masu karatun shari'a da sha'anin mulki suna can Kongo, asibitin koyarwa yana Shika. Yara sukan rubuta duk wannan a littafi da gaske, don sun san za a ce su kawo rahoto. Amma da an shiga mota za a koma gida, sai ka kasa kunne. Ba za ka ji ko mutum ɗaya yana zancen 1962 ba.

Zancen ƙwarangwal za ka ji. An taɓa shigar da mu wani ɗakin gwaji inda aka tsayar da ƙwarangwal ɗin mutum a kusurwa. Wani yaro ya ja da baya yana salati, ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, shi wannan bawan Allah an yi masa sallah kuwa?" Ma'aikacin ɗakin ya ji, ya ƙwanƙwasa haƙarƙarin da ɗan yatsa ya ce na roba ne. Maimakon hankalin yaron ya kwanta, sai ya ɓata rai, wai an yaudare su.

Akwai kuma lambun sassaƙe-sassaƙe na sashen zane. Nan ne nake samun gardama kusan kullum. Wasu 'yan mata sukan coge a bakin wurin su ce su ba za su shiga cikin gumaka ba, ni kuma ba na tilasta wa kowa. Nakan dai gaya musu cewa wurin yana da tarihi: tun kafin a kafa jami'ar, a 1958, ɗaliban zane na kwalejin da ke nan, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta ce zanen ɗan Najeriya ya daina zama kwaikwayon na Turawa zalla. Wannan bayani bai taɓa sa ko yarinya ɗaya ta canza ra'ayi ba. Wani ɗan maƙera cikin yaranmu ne ya durƙusa gaban wani aiki da aka harhaɗa da tarkacen ƙarfe, yana shafa inda aka yi walda, ya ce wanda ya yi wannan hannunsa bai faɗa ba tukuna. Ya nuna mana wuraren da dalma ta taru ta yi ƙulu. Ni ban ga komai ba sai da ya nuna.

Wata shekara wani malamin kimiyya ya yi musu bayanin na'urar nukiliyar da ke cibiyar binciken makamashi ta jami'ar, wadda ta fara aiki a 2004. Da jin nukiliya hannuwa suka tashi. Ɗaya ya tambaya ko ana haɗa bam da ita, wani ya ce in haka ne me ya sa ake ɗauke wuta a Zariya. Malamin ya yi dariya ya ce ƙarfinta duka kilowat 30 ne, kamar a jona dutsen guga talatin lokaci guda, kuma ba lantarki take bayarwa ba. Amfaninta a ɗauko ƙasa ko dutse ko hatsi a gano sinadaran da ke ciki da yawansu. Yaran sun ɗan karaya, amma ɗaya daga cikinsu, wanda yayyensa ke zuwa haƙar zinariya, ya riƙe malamin da tambayoyi har sai da na janye shi.

Na daɗe ina ɗaukar irin waɗannan a matsayin abin dariyar da ake kawowa ofishin malamai a ba da labari. Abin da ya faru a asibitin dabbobi ne ya sa na fara kallonsu da wani ido.

Akwai wani yaro ɗan Fulani a ajin ƙarshe, mai shiru-shiru, wanda ba ya cikin na gaba-gaba a jarrabawa. Muna tsaye likita yana bayani, ga wata saniya ɗaure a gefe, ta rame, gashinta ya tashi, idonta na zubar da ruwa. Yaron bai saurari bayanin ba, saniyar yake kallo. Can sai ya ce, "Likita, wannan ai sammore ne." Likitan ya juyo ya tambaye shi ta yaya ya sani. Ya lissafa: ramar, gashin, kumburin kaluluwa a gaban kafaɗa, ya ƙara da cewa da ganinta an kai ta kiwo kudu inda ƙudan tsando yake. Likitan ya ce abin da su ma suke zato ke nan, jini suka ɗiba za su duba a madubin likita su tabbatar. Ya kai yaron ya leƙa madubin. Da ya ɗago kai, tambayar da ya yi ita ce, "Yanzu wannan ma karatu ne? Har a ba mutum takarda?" Aka ce masa shekara shida ake yi, a fito a matsayin likita.

A mota ya zo ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba, ya ce shi wannan zai karanta. Ni kuma na san abin da bai sani ba. Ajin adabi yake. Rabonsa da Kemistiri da Fiziks tun ƙaramar sakandare, inda ake haɗa su a darasin kimiyya guda. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, kuma mai neman likitancin dabbobi Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks zai rubuta, sannan ya zo da kiredit a cikinsu daga WAEC ko NECO. Saura 'yan watanni ya gama makaranta. An rufe masa wannan ƙofa tun ranar da ya shiga SS1, ranar da aka raba su aji-aji, kuma da na bincika yadda aka yi ya faɗa ajin adabi, amsar ita ce abokinsa can ya tafi.

Tun daga nan nake ganin yawancin makarantunmu suna kai yara wannan ziyara a makare. 'Yan ajin ƙarshe ake kaiwa, kamar tukwicin gama makaranta, alhali su zaɓinsu ya riga ya wuce. Wanda ziyarar za ta yi wa amfani shi ne ɗan JS3 da bai zaɓi aji ba tukuna. Yaron ƙauye sana'o'in boko da ya sani ba su wuce likita, lauya, soja da malami ba. Bai san ana karanta ƙasa, ko ruwa, ko magani, ko tsara gine-gine ba. Abin mamakin ma, sau da yawa abin da ake karantawar yana cikin gidansu. A cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922, yara sun ga sunayen iri a allo, SAMMAZ na masara, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, suka ce ai sun san su a shagon mai sayar da iri a kasuwa. Ba su taɓa kawowa a ransu cewa mutane ne ke zama shekara da shekaru suna barbarar shuka kafin iri ɗaya ya fito ba, balle su yi tunanin ɗan manomi zai iya zama cikin masu yin.

Ɓangaren 'yan mata daban ne, kuma sai da na koyi ja da baya kafin na gane shi. In ina tsaye ba sa tambayar komai. Sai muka fara roƙon wata ɗaliba, 'yar yankinmu, ta zagaya da su wajen ɗakunan kwana na Amina tare da malama, mu maza mu jira a masallaci. Malamar ce take ba ni labarin tambayoyin. Babu ta karatu ko ɗaya. "Yaya, Baba ne ya bar ki, ko sai da aka roƙe shi?" "Ku nawa ne a ɗaki?" "Da wa kike komawa gida in an yi hutu?" "In an yi miki miji fa?" Ana cikin haka wata ɗaliba ta wuce da goyo a baya, da littattafai a hannu, tana sauri za ta shiga aji. Malamar ta ce duk suka juya suka bi ta da kallo har ta sha kwana. Ɗaya daga cikin yaran nan ta koma gida ta ba mahaifiyarta wannan labari, uwar ta kai wa uban, kuma da bakinsa ya gaya mini a taron iyaye cewa shi da bai san ana haɗa aure da jami'a ba.

Maza kuwa tambayarsu kuɗi ce, amma kunya ba ta barinsu su yi ta a gaban mutane. Saboda haka yanzu nakan ware rabin sa'a a ƙarƙashin bishiya, bayan an ci abinci, in sa wani ɗalibi ya faɗa musu gaskiyar abin da yake kashewa: rajista, gado, garin kwaki, kuɗin hoton takardu. In gaya musu yadda ake rabon gurbi a jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Katsina tana cikin waɗannan. In ambaci bashin karatu na gwamnatin tarayya da aka fara bayarwa a 2024. Wannan rabin sa'a ba ta cikin jadawalin da ake aiko mana, kuma ita ce kaɗai lokacin da ba na cewa a yi shiru.

Sau ɗaya ƙirgen bayan azahar bai cika ba. Muka duba masallaci, muka duba wajen masu sayar da abinci, direba har ya fara faɗa. Ashe yaron ya ga ɗalibai suna tururuwa cikin wani babban ɗakin lacca ne ya bi su, ya sami kujera a can baya, da kayan makarantarsa a jiki, ya zauna har aka tashi. Na yi masa faɗa sosai, don ya cancanta. Da na huce na tambaye shi me aka koyar. Ya ce wallahi bai gane ko kalma ɗaya ba, lissafi ne da haruffa maimakon lambobi. To me ya zaunar da kai? Ya ce, "Malam, ba wanda ya kore ni. Na kusa da ni ma har ya matsa mini."

Na kai wa shugaban makaranta shawarar a riƙa tafiya da 'yan JS3. Bai ƙi ba, amma 'yan ajin ƙarshe suka tayar da ƙura, wai haƙƙinsu ne, sun shekara biyar suna jira. Iyayen ƙananan kuma wasu suka ce yaransu ba su kai a yi nisa da su ba, ga halin da hanya take ciki. Kuɗin mota biyu babu. Inda aka tsaya shi ne a raba kujerun bas ɗin, rabi na manya, rabi na 'yan JS3 da iyayensu suka sa hannu, kuma a yi tafiyar kafin zango na uku, lokacin da ake raba takardar zaɓen aji.