Abin da na koya wajen masu cewa wasa ya yi wuya

Shekara biyar na yi ina tsaron shagon kawuna a Sabon Gari, nan Damagaram. Da safe aikin takardu ne, fotokopi da buga takardun neman aiki da fitar wa ɗaliban jami'a darasi. In an yi la'asar sai shagon ya canza kama. Kwamfuta shida gare mu, awa ɗaya dala 40, kuma yawancin yaran ƙwallo suke so ko harbe-harbe. Amma akwai wasu ƴan tsiraru, ba su kai goma ba, da suka maƙale wa wasannin dabarun sararin samaniya, irin waɗanda mutum zai fara da duniya ɗaya ya gina daula tsakanin taurari, ko ya ja jirgi guda ya ratsa da shi cikin abokan gaba. Su suka fi daɗewa a kujera, su kuma suka fi ƙorafi. Kawu ya ce duk wanda ya tashi yana gunaguni in san dalili, shi ya sa na fara rubuta maganganunsu a gefen littafin da nake lissafin awa da kuɗi.

Kuskurena na farko shi ne ɗaukar maganarsu yadda ta fito daga baki.

Akwai wani yaro ɗan lise daga Garin Malam da ya kamu da son FTL, wasan da mutum biyu, Justin Ma da Matthew Davis, suka fitar a 2012. Jirgi ɗaya ake ba ka da ma'aikata kaɗan, ka ƙetare yanki takwas, rundunar ƴan tawaye na biye da kai, kuma in jirgin ya tarwatse babu komawa baya, sai dai a sake daga farko. Wata rana ya tura kujera baya da ƙarfi, ya ce, "Yaya, wannan wasan zalunci ne, ya yi wuya da yawa." Ban yi wata-wata ba na mayar masa da shi mataki mai sauƙi, inda ake samun tarkacen sayen makamai da yawa. Ya yi kwana biyu yana bugawa, daga nan ban ƙara ganinsa ba sai bayan sati uku, da ya zo fitar da takarda. Na tsare shi da tambaya. Ya ce ko a mai sauƙin ma mutuwa yake, kuma abin da ke ƙona masa rai shi ne bai san me ke kashe shi ba.

Na ba shi rabin awa kyauta, na ja kujera na zauna bayansa. Ashe bai san ana tsayar da wasan a tsakiyar faɗa a ba da umarni a natse ba. Makami ya faɗa ɗakin iskar shaƙa, wuta ta kama, shi kuwa idonsa na kan jirgin abokin gaba, yana ta danna linzami. Ma'aikatansa suka shaƙe ɗaya bayan ɗaya bai lura ba. Na nuna masa maɓallin tsayarwa, na nuna masa cewa in ya fitar da mutanensa ya buɗe ƙofofin waje, iska za ta fice, wutar ta mutu da kanta. Ya yi shiru yana kallon jan launin na dusashewa, can ya ce, "Yaya, mayar min da shi inda yake da." Bayan wannan ya mutu ya fi a ƙirga, amma kowane karo zai juyo ya faɗa min abin da ya jawo, ko ya ƙi sayen garkuwa, ko ya tsaya kwaɗayin tarkace har ƴan tawaye suka cim masa. Bai sake kiran wasan da zalunci ba, alhali ko ɗigo ba a rage masa wuyar ba. Ran nan na rubuta a gefen littafi cewa kashi biyu ne masu cewa "ya yi wuya": wanda ya ga abin da ya kayar da shi, da wanda aka kayar cikin duhu. Na farkon yabo yake yi ko da fuskarsa a murtuke take. Na biyun ne mai shirin tafiya.

Maganar jinkiri ta fi wannan rikitarwa, kuma a kan Stellaris na koye ta. Kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ne ya fitar da shi a 2016, kuma biyu kawai daga cikin kwamfutocinmu ke iya ɗaukarsa. Wasan yana farawa a shekarar 2200. Awannin farko kowa na yabonsu, domin jiragen bincike na ta gano sababbin taurari, kowane lokaci ana tambayarka abin da za ka yi. Da zarar iyakoki sun haɗu, kowa ya kama nasa, sai abu ya lafa. A tsarin da wasan ke zuwa da shi, sai an kai 2400 babbar masifar ƙarshe ke iya tasowa, ko dai wasu halittu su ɓullo daga wajen taurarinmu su yi ta cinye duniyoyi, ko wasu su keto daga wata nahiyar halitta, ko injuna su tashi da niyyar shafe masu rai. Wani ɗalibin jami'a ya ce min tsakiyar wasan kamar zaman layin famfo ne a watan bazara, ka jera jarka, ka san ruwan zai zo, amma ba ka da abin yi sai kallon bututu. Duk ɗan Damagaram ya san wannan zaman.

Na ce masa ai akwai maɓallin ƙara sauri. Ya ce ya ƙure shi tun tuni. A nan na gane kalma ɗaya suke amfani da ita ga abu uku. Akwai jinkirin inji, domin in daula ta yi girma, jama'arta ta yi yawa, kwamfutar kanta ke nishi, kwana ɗaya na cikin wasa ya riƙa jan ƙafa, kuma wannan ƙorafi ne da masu wasan suka daɗe suna yi a ko'ina. Akwai jinkirin rashin shawara, wato lokaci na tafiya amma babu wani zaɓi mai nauyi a gabanka. Sai na ukun, wanda mai zaune a ɗakinsa a Istokholm, babban birnin Suwidin, ba lalle ya ji shi a jikinsa ba, wato jinkirin aljihu. Wanda ya sayi wasa ya ajiye a gida, awa goma na shiru ba komai ba ne a wurinsa. Wanda ke biyan dala 40 duk awa, daga kuɗin da ya rage na abincin rana, kowane minti na shiru yana jin fitarsa.

Maganin da na samu a cikin saitin wasan yake. Na riƙa rage musu yawan taurari, in jawo shekarar tsakiya da ta ƙarshe kusa, yadda masifar za ta afko tun kafin mutum ya gama shiri. Ɗalibin nan ya ji daɗi ƙwarai. Amma akwai wani malamin lissafi, Mushe muke ce masa, da ke zuwa ranar Asabar, wanda ya ɓata rai da ya tarar na taɓa saitin. Shi wannan tsakiyar da kowa ke zagi ita ce abin da ya zo nema. A nan yake daidaita ma'adinai da makamashi, yana ƙulla yarjejeniya da maƙwabta, yana rubuta lissafinsa a ƴar takarda. Ya ce, "Ɗana, kai ka ga babu abin da ke faruwa, ni kuwa gona nake gyarawa kafin damina." Shi ne ya ba ni labarin Master of Orion na 1993, da yadda marubuci Alan Emrich ya laƙaba wa irin waɗannan wasanni suna 4X a shekarar, saboda ayyuka huɗu da suka ginu a kai: bincike, faɗaɗa ƙasa, tatsar arziki, da murƙushe abokin gaba. Mushe ya ce yawancin rigimar da ake yi kan saurin wasa rigima ce tsakanin masu son na ukun da masu son na huɗun. Na daɗe ina juya wannan magana, kuma har yau ban ga inda ta karye ba. Daga ranar na ware masa nasa saitin daban.

Rigimar ta fito fili a 2018, da aka sabunta Stellaris aka cire biyu daga hanyoyi uku na tafiya tsakanin taurari, aka bar ƙayyadaddun hanyoyi kawai. Jirage suka daina tsallake iyaka yadda suka ga dama, ana iya gina sansani a mashiga a tare hanya, yaƙi kuma ya ƙara nauyin ƙafa. Masu wasan a duniya sun rabu biyu a kai, mu ma a shago haka. An yi sati ana musu a fadar da ke ƙofar shagon, shayi na ta zagayawa. Ni ina bayan canjin, domin ya sa wuri ya yi daraja, mutum ya san wace mashiga ce in ta faɗi gidansa ya faɗi. Amma na fahimci mai cewa an ɗaure masa ƙafa, don shi da ma daɗinsa a kai farmaki ba zato yake.

Abin da na ga ba su yafewa shi ne magudi. A Stellaris, a matakin wuya mai suna Ensign kwamfuta ba ta da wani ƙari a kanka. Daga nan zuwa Grand Admiral, mataki mafi tsanani, ƙarin arziki da ƙarfi ake ba ta, ba ƙarin wayo ba, kuma wasan ya rubuta haka a fili. Ƙwararrunmu sun karɓi wannan ba gardama. Amma Homeworld 2 na 2003, wanda ke duba girman rundunar da ka shigo da ita ya ƙara wa abokan gaba jirage daidai da haka, ya tayar da hankalin wani mai gyaran babur da ke bugawa a wurinmu. Ya yi tattalin jiragensa mataki bayan mataki, ya shiga na gaba da alfahari, ya tarar an ninka masa abokan gaba. Da ya ji cewa wasu har rage jiragensu suke yi da gangan kafin su wuce, sai ya ajiye linzami ya fita.

A gindin bedin da ke gefen shagon akwai dattawa masu dara, gurbi 30 a ƙasa, kowa da ƴaƴa 12, wani da tsinke wani da tsakuwa. Ɗaya daga cikinsu ya ji mai gyaran babur na faɗa, ya tambaye ni me ya faru. Na yi masa bayani gwargwadon iyawata. Bai ɗago kai daga gurabun ba ya ce, "In na fi ka, na ce ka cire min ɗa biyu kafin mu fara, wasa ne. In ka jira sai na yi nisa ka zaro biyu daga aljihu, wannan kuma wani abu ne." Na ce, "Haka ne, Baba." Na shiga ciki na rubuta.

OGame kuwa ya nuna min wuyar da ba ta cikin wasan. Wasan intanet ne na Jamus, tun 2002, kuma ba ya tsayawa ko kana barci. Gini na ɗaukar awanni, wani lokaci kwanaki, kuma in ka bar jiragenka a ajiye wani zai lallaɓo da dare ya share su. Dabarar ita ce ka tura su doguwar tafiya da dukiyarka, ka auna su dawo lokacin da kake gaban kwamfuta. Wani ɗan Birni ya yi wata huɗu yana tara runduna. Wata ranar zafi ya auna dawowarta da ƙarfe biyar na yamma, wuta ta ɗauke tun azahar, gurup ɗinmu kuma ba mai. Da aka kawo wuta bayan isha ya shiga, tarkace kawai ya tarar yana shawagi a kan duniyarsa. Bai yi faɗa ba. Ya zauna ya daɗe, sannan ya ce wasan ya fi ƙarfinsa. Na ji zafin wannan magana, domin na san bai fi ƙarfin kansa ba, yaron ya iya lissafi fiye da yawancin waɗanda suka cinye shi. An gina takun wasan ne a kan rayuwar mai wuta da intanet dare da rana. Daga baya ya koma tura jiragen tafiyar da ta fi tsawo, yana barin rarar awanni saboda wuta, ya yarda ci gabansa ya ragu.

Sai a shekarata ta huɗu na lura da giɓin da ke cikin littafin. Duk maganganun da na tara na waɗanda suka zauna ne, kuma waɗanda suka zauna kullum ƙarin wuya suke nema, a ƙara ƙarfin masifar ƙarshe, a ɗaga mataki. Na bi shafukan lissafin awa, na ga mutane da yawa da suka gwada irin waɗannan wasanni sau ɗaya, awa ɗaya, ba su sake ba, kuma babu kalma ko ɗaya a gefen sunansu. Na tuna wata ɗaliba da ta zo da ƙanenta, ta zauna gaban Stellaris, ta yi kusan rabin awa tana karanta allunan da ke ta buɗewa da Faransanci, ta biya kuɗinta, ta yi godiya, ta tafi. Na bar mata saitin da ƙwararru suka roƙa, ban ko matsa kusa ba, don ba ta yi gunaguni ba.

Na gaya wa kawu. Ya amince duk sabon shiga a ba shi minti 20 na farko kyauta, ni kuma in zauna kusa, in yi shiru sai an tambaye ni. Wanda ya fara cin moriyar wannan wani yaro ne mai tallan ruwan sanyi, da ya daɗe yana leƙe ta taga. Na buɗe masa FTL, na nuna masa maɓallin tsayarwa tun kafin a harba masa komai. Jirginsa ya tarwatse a yanki na biyu. Ya juyo ya ce, "Yaya, na ga abin da na yi, ban tura kowa ya gyara injin ba." Ya laluba aljihu ya ƙirgo dala 20, ya ce a ba shi rabin awa.