Inda na kai a koyon sauraren gambarar bayan fage

'Yan'uwa masu koyo, a wannan zango na mai da hankali ne ga mawaƙan gambarar Amurka (wato rap) na bayan fage, wato waɗanda manyan kamfanoni ba sa tallata su, gidajen rediyo kuma ba kasafai suke sa su ba, irin masu cika baiti da kalmomi har mutum ya rasa inda suke shaƙar numfashi. Abin da na ƙara tabbatarwa shi ne, kunnen da ya tashi da rubutacciyar waƙar Hausa ya riga ya sami rabin horon da wannan sauraro yake buƙata, ko da Turancin mai shi bai taka kara ya karya ba. Mu da muka girma a Nima da Mamobi muna jin ƙasidu a wurin Maulidi, mun san amsa-amo tun kafin a gaya mana sunansa, kuma a ƙasar nan tamu ta Ghana ne Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta dogayen waƙoƙinsa na Hausa da Larabci.

Saboda haka nakan ajiye neman ma'ana sai a ƙarshe. Ina kwantar da shafin littafin rubutu in raba shi gida huɗu, domin kowane layi na kiɗan bugu huɗu ne, ƙaramar ganga tana faɗowa a na biyu da na huɗu, baiti kuma galibi layi 16 ne. Daga nan in sa iyafis, in rubuta kowace gaɓa a ƙarƙashin bugun da ta sauka a kai, sannan in zagaye gaɓoɓin da wasulansu suka yi daidai da biro mai launi ɗaya. Da na yi wa wani baitin mawaƙi MF DOOM haka, daga kundin da suka yi da mai haɗa kiɗa Madlib a 2004, sai na ga bakin shafin kusan fayau yake, launukan duk sun taru a tsakiya. Yana jera gaɓoɓi uku ko huɗu masu amo iri ɗaya, ya maimaita su a tsakiyar layi, ya tsallaka da su layi na gaba, kuma sau da yawa yakan sauka kaɗan a bayan ganga kamar wanda ba ya sauri. Yawancin waƙoƙin kundin gajeru ne kuma ba su da amshi, don haka babu inda kunne zai huta. Wannan amsa-amon ciki ba MF DOOM ne ya fara shi ba. Rakim ya yaɗa shi tun 1987, na bayansa suka ƙara masa sarƙaƙiya.

Akwai wani lissafi da masu son irin wannan waƙa suke yawan kafa hujja da shi. A 2014 wani mai nazari, Matt Daniels, ya ƙirga kalmomi 35,000 na farko na waƙoƙin kowane mawaƙin gambara da ya zaɓa, ya tarar Aesop Rock ne a sama da kalmomi mabambanta 7,392. Lissafin yana da ban sha'awa, amma ni ban ɗauke shi ma'auni ba, domin baiti yana iya cika maƙil ya zama tarin tsintsiya babu shara. Gwajina shi ne in cire kalma ɗaya daga layi in sake karantawa. Idan hoton da mawaƙin yake zanawa bai girgiza ba, amo kuma bai karye ba, to kalmar cikon wuri ce kawai.

Ɓangaren kiɗa ne ya fi ɗaukar mini lokaci, domin yawan ƙurar da ake ji a cikinsa, wato kaushin sautin, tana da dalili. Na'urar naɗar gutsuren sauti ta SP-1200, wadda ta fito a 1987, sautin daƙiƙa 10 kacal take iya riƙewa, shi ya sa masu haɗa kiɗa suke ƙara wa faifai gudu lokacin da suke yanko gutsure daga cikinsa, sannan su rage gudun a cikin na'urar, sai sautin ya fito da kaushi. Dabarar da ƙarancin kayan aiki ya haifar ita ce daga baya ta zama ado. Madlib ya haɗa da yawa daga kiɗan kundin da na ambata a ɗakin otal a Sao Paulo ta Burazil da 'yar ƙaramar na'ura irin wannan, SP-303, wani mai haɗa kiɗan, J Dilla, kuwa yakan kashe abin da yake daidaita bugu a na'urarsa, ya bar gangar tana ɗan ɗingishi yadda yatsunsa suka buga ta. Na gwada da manhajar waya: na yanko jita da ƙaho na 'yan daƙiƙoƙi daga wani tsohon faifan hailaif, na sa su suna maimaituwa. Da na tsananta ƙananan bugu a kai, kalmomi suka nutse; da na rage su, sai kowace gaɓa ta sami wurin tsayawa, na kuma fahimci abin da ya sa irin su Roc Marciano suke sassauta ganga, wani lokaci ma su cire ta ɗungurungum.

Yanzu na fara rubuta nawa da Hausa, kuma a nan matsalar tamu daban ce. Kusan dukkan kalmominmu da wasali suke ƙarewa, don haka amsa-amon ƙarshen layi yana da arha, kowa yana iya jera shi. Wahalar tana wajen nauyin gaɓa da karin sauti. Gaskiya da safiya da lafiya suna hawa bugu ɗaya lafiya lau, domin kowacce ta fara da gaɓa mai nauyi, sai mara nauyi, sai mai nauyi. Tsakiya kuwa, duk da wasulanta iri ɗaya ne da nasu, gaɓarta ta farko gajeruwa ce, sai ta riga ganga isowa. Ko tsakanin safiya da lafiya ma, ta farko tana ƙarewa a sama, ta biyu tana faɗuwa, kuma kunnen Bahaushe yana jin bambancin nan take. Ƙungiyar mawaƙan VIP na nan Nima sun sa Hausa a hiplaif, wato gambarar Ghana da aka haɗa da hailaif, Obrafour kuma ya nuna a 1999 cewa ana iya cika baiti da karin magana da Twi ba tare da kiɗan da Hammer ya haɗa masa ya danne su ba, don haka harshen gida ba shi ne cikas ba. A shafukana na ƙara alama biyu, ɗaya ta karin sauti a kan gaɓar ƙarshe, ɗaya ta wurin shan iska, domin dogayen wasulanmu suna cin wuri, kuma layin da ya zauna daidai a takarda yakan ƙare mini numfashi tun a bugu na uku.