Talata: kalmomin Turanci da inda suka fito

Darasin Turanci na ajin ƙarshe ya sauya hanya yau, domin wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa ake kiran mujalla magazine, kuma idan sojoji suka ƙwato makamai a ce sun samu magazine cike da harsashi?" Na ajiye tambayoyin WAEC na shekarun baya da muke bita, na rubuta makhzan a allo da haruffan Larabci. Ma'anarta ɗakin ajiya, jam'inta makhazin. Fataken Italiya ne suka ɗauke ta daga bakin Larabawan da suke ciniki da su a Bahar Rum, ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 16 da ma'anar ma'ajiyar kaya da albarushi. A 1731 wani mai ɗab'i a Landan, Edward Cave, ya raɗa wa abin da yake bugawa wata-wata wannan suna, yana nufin rumbun da aka tara rubuce-rubuce iri-iri. Gidan harsashi da mujalla duka ma'ajiya ce, kuma yaran sun fahimci haka nan take.

A ɗakin malamai na ba malamin Larabci labari, dattijo ne da ya daɗe yana koyarwa kafin in zo makarantar. Na ce, "Allah gafarta Malam, yau kayanku na sayar a ajina." Ya gyara zama ya fara lissafo mini wasu: tariff daga ta'rif, wato sanarwa, admiral daga amir, cotton daga ƙuɗun, sai zero da cipher waɗanda dukansu daga sifr suke, kalmar da mu ma muka ara muka ce sifiri. Mun fi daɗewa a kan alcohol. Asalinta al-kuhl, kwallin da iyayenmu mata suke sa wa a ido. Masu harhaɗa magunguna a Turai sun fara amfani da ita ga duk wani gari mai laushi ƙwarai, daga nan ta koma nufin tataccen abin da aka fitar daga wani abu, har ta tsaya a kan abin da ake tacewa daga giya. Malam ya girgiza kai, ya ce kalma ta fita daga gida da mutuncinta, ta je ta auri wata ma'ana.

Wadda ta fi burge ni ita ce zenith, wadda ɗalibaina suke haddacewa da ma'anar ƙololuwa. Masana taurari na Larabawa suna cewa samt ar-ra's, hanyar da ke saman kai. Da aka rubuta samt da haruffan Latin, masu kwafar littattafai da hannu suka karanta harafin m a matsayin n da i, sai ta zama senit, kuma a haka ta zauna har yau. Kishiyarta nadir daga nazir take, abin da ke daura da wani. Ina ganin rashin adalci ne mu riƙa koya wa yaron da ya yi makarantar allo waɗannan kalmomi a matsayin baƙi masu wuya, alhali ya san danginsu tun kafin ya riƙe biro.

Bayan la'asar na zauna ina tace abin da zan ƙara musu, domin wannan fage cike yake da labarai masu daɗi marasa tushe. Gaskiya ne salary ta fito daga salarium ta Latin, mai alaƙa da sal, gishiri, amma zancen da ake yawan yi cewa da gishiri ake biyan sojojin Rum albashi ba shi da hujja a rubuce-rubucen zamanin. Ba zan faɗa musu shi ba. Malamin da ya saba ƙawata darasi da ƙirƙira yana koya wa yara su yarda da duk abin da ya yi daɗin ji.

Abin da na zaɓa a madadinsa shi ne boycott, ƙauracewa, domin tarihinta a rubuce yake. Kyaftin Charles Boycott wakili ne mai karɓar kuɗin hayar gonaki na Lord Erne, mai gonakin, a yankin Mayo na ƙasar Ailan. A 1880, bayan daminar da ba ta yi kyau ba, manoma suka nemi ragi mai yawa, aka ƙi, aka fara shirin korarsu daga gonakin. Bisa shawarar ɗan siyasar Ailan Charles Stewart Parnell da ƙungiyar kare haƙƙin manoma, mutanen yankin suka juya masa baya ba tare da an taɓa lafiyarsa ba: 'yan ƙodago suka bar gonarsa, masu shaguna suka daina sayar masa da kaya, har mai kai wasiƙa ya daina zuwa gidansa. Sai da aka kawo masu girbi kusan 50 daga arewacin ƙasar, da rakiyar sojoji da 'yan sanda kimanin 1,000, kafin a cire masa amfanin gona, kuma kuɗin tsaron ya ninka darajar amfanin sau da yawa. Kafin shekarar ta ƙare ya bar Ailan, a lokacin da jaridun Landan suka riga suka mayar da sunansa aikatau.