Yadda muka bar sigari a majalisar 'yan dako

Dako nake yi a babbar kasuwar Katsina, kuma a cikinmu wanda ba ya shan taba shi ne bare. Tun safe kana sauke buhunan masara, ba ka sa komai a ciki ba sai koko, kara ɗaya ce za ta danne maka yunwa ta kuma ba ka dalilin zama. Wa'azi mun sha shi. Masu shago suna kau da kai idan mun matso. Amma ba a taɓa samun wanda ya zauna kan buhu tare da mu ya tambaye mu me ya sa muke sha ba.

Ƙanwar wani abokin aikinmu, ma'aikaciyar lafiya ce, ita ta fara yi mana bayanin da ya shiga kunne. Ta ce sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, shi ya sa yake kama mutum. Ta ce ƙishirwar tabar takan taso ne ta lafa cikin 'yan mintoci, kuma makon farko ya fi tsanani: ciwon kai, saurin fushi, rashin barci. Daga nan abin yana sauƙi.

Sai muka jira azumi. Mutumin da yake kaiwa daga asuba har magariba bai kunna ba, ai ya riga ya ci rabin yaƙin. Inda ake faɗuwa shi ne bayan buɗa-baki, da ƙwayar dabino ta wuce hannu ya tafi aljihu. Don haka muka yi alkawarin babu mai shan ruwa shi kaɗai. A wajen mai shayi muke haɗuwa, kowa da aswakinsa a baki, a yi ta hira har a kira isha'i. In ka ga ɗan'uwanka ya yi shiru yana murza yatsu, ka san ta taso masa. Dattijonmu sai ya miƙa masa ɓarin goro ya ce, "Yaro, tauna wannan, ka raka ni alwala."

Kuɗin tabar kuma muka mai da shi adashi. Abin da kake kashewa a rana shi za ka zuba. Ranar da na kwasa na ɗinka wa 'yata kayan sallah ba tare da na ci bashi ba.

Abin da ya fi riƙe mu, a ganina, shi ne ba ma korar wanda ya koma. Wanda aka saba wulaƙantawa, in ka ƙara masa kunya ɓuya zai yi, kuma a ɓoye ake sha. In ya dawo yana wari, tambayarsa muke yi: a ina ta kama ka, da wa kake? Gobe wani ya tsaya kusa da shi a daidai wannan lokacin.

Mai tebur ne har yanzu matsalarmu. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, amma kwalin yana nan a buɗe kusa da alawa. Mun je mun roƙi na bakin layinmu, aƙalla ya daina ba 'yan majalisarmu bashi, kada kuma ya sayar wa yaran da ke tura baro. Na farkon ya amince da shi. Na biyun muna nan muna komawa.