Idan miji ya ƙi amsa sammaci

Ƙannena, tafiyar miji ba ta kashe aure, komai daɗewarta. Nawa ya tafi Legas cirani, aike ya ɗauke, waya ma ta daina shiga. Na koma gidanmu ina ƙirga shekaru, don gwaggota ta ce da an shekara huɗu aure ya mutu da kansa. Shekara huɗun tana nan a fiƙihun Malikiyya, amma ta wanda ya ɓace ce, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Kuma sai an kai magana gaban alƙali ake fara lissafinta, bayanta mace ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Nawa kuwa ana ganinsa a Agege yana harkokinsa. Zaman da na yi bai shiga lissafin kowa ba.

Da na je kotun shari'a, sai na ce khul'i nake so, don shi na saba ji a bakin mata. Saura ƙiris in mayar da sadaki ga mutumin da ko mudun gero bai aiko ba. Yayana ne ya ankarar da ni cewa rashin ciyarwa dalili ne mai zaman kansa. Ki kawo shaidu biyu da suka san ya tafi bai bar miki komai ba, ki yi rantsuwa bai aiko ba, a ba shi wa'adi. In ya wuce shiru, alƙali na iya raba ku ba ki biya ko sisi ba. Sai dai ki sani, in ya dawo da halin ciyarwa kafin idda ta cika, yana da damar kome.

Inda na fi wahala shi ne sammaci. Don gaggawa na ba da adireshin gidan hayar da ya daɗe da tashi. Mai kai sammaci ya je ya dawo da takardarsa a ninke, aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Ina zaune a benci ina cizon yatsa, har na fara zargin an saye kotun. Allah ya yafe mini, ashe ni ake karewa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a ji ta bakinsa, kuma hukuncin da aka yanke wa wanda sammaci bai isa gare shi ba, kotun ɗaukaka ƙara na iya rushe shi. Ki duba halin wadda ta riga ta sake aure, ga ciki, sannan a ce na farko yana nan daram. Saboda haka in ya ɓuya, ki roƙi alƙali ya ba da umarni a liƙa sammacin a ƙofar gidansu, ko a miƙa ta hannun wansa ko mai unguwa, a kuma rubuta an yi hakan. Wanda ya samu sammaci ya ƙi zuwa, shi ya zubar da damarsa.

Ranar da aka yanke hukunci, kar murna ta sa ki fita hannu rabbana, ki tsaya ki karɓi takardar. Daga ranar iddarki take farawa, tsarki uku, kuma kar a karɓi kuɗin kowa sai ta cika.