Tallan masauki a tsakiyar kurmi: aikin da ya kai ni Kuros Riba

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki. Kamu, ɗaurin aure, walimar sauka, daga Tudun Wada zuwa Samaru, a nan Zariya, babu lungun da ban ja wayar fitila ba. Saboda haka da wani Alhaji ɗan unguwarmu, wanda ya daɗe yana fataucin koko da goro a Ikom, ya aiko a kira ni, na ɗauka ɗiya zai aurar. Ashe hannun jari ya saka, shi da wasu 'yan ƙasar, a wani ɗan masaukin shaƙatawa da suka gina a bakin kurmi, tsakanin Ikom da ƙasar Boki. Ya ce, "Ɗana, mutanen Legas da Kalaba sun san hanya. Namu nake so su gani. Ka yi mini abin da in mutum ya kalla a waya zai ji ƙafarsa na ƙaiƙayi."

Muka bi ta Lafiya da Makurɗi da Gboko, muka faɗa Ogoja, ni da yarona mai riƙe mini fitila. Tafiya ce mai cin rai, ban ɓoye wa kowa ba.

Abin da Alhaji ya fi ƙwallafa rai a kai shi ne hoton sama, irin wanda ake ɗauka da ɗan jirgin nan marar matuƙi. Mun ɗauko wani mai takardun izini daga Kalaba, domin tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta hana tashinsa sai da amincewarta da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Hoton ya yi kyau, amma bai wuce daƙiƙa uku a bidiyon ba. Daga sama kurmi kore ne kawai shimfiɗe, ba ka gane tsayin itace, ba ka ganin inda mutum zai zauna. Girman wurin sai daga ƙasa yake fitowa. Na tsayar da wata ma'aikaciyar masaukin a gindin wani itace da saiwoyinsa suka fito kamu-kamu suka fi ta tsawo, na sa ta ɗaura zane ja, na durƙusa na ɗaga kyamara daga ƙafarta har ƙololuwa. Jan zanen nan ba ado ba ne. Hasken da ke ratso ganye yana shafa wa komai kore, har fatar mutum, in babu wani launi mai ƙarfi a tsakiya ido ba ya samun inda zai sauka.

Haske ma sai da ya juya mini lissafi. Mu a Zariya rana muke gudu, mu nemi inuwa. A can da tsakar rana ƙarƙashin itatuwa duhu-duhu ne, kuma in rana ta buɗe sai ta zubo dabbare-dabbare, wani wuri ya ƙone fari fat, kusa da shi baƙi ƙirin. Ranar da hadari ya rufe sama ita ce ranar aiki, musamman jim kaɗan bayan ruwa ya ɗauke, ganye na sheƙi, tururi na tashi daga kwari. Ruwa kuwa ba a jiransa da yawa. Abin da ke sauka a wasu sassan wannan kurmi a shekara ya ninka namu na Zariya, wanda bai cika wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba, fiye da sau biyu. Danshin yana shiga ko'ina. In kyamara ta kwana a ɗaki mai sanyi ka fito da ita da asuba, gilashin zai yi gumi ya dushe, gogewa kuma ba ta magani, sai dai ka jira. Mai gadin wurin ne ya ba mu dabara, muka riƙa kwanar da kayan a baranda cikin jaka a rufe, tare da ƙullin tsakuwoyin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen sauti, kuma har gobe ina ganin nan ne rabin tallan yake. Bayan sallar asuba nakan kafa makirfo a bakin rafi in koma gefe in yi shiru. Gyare da kwaɗi suna ƙarasa nasu, tsuntsaye na karɓa, can nesa birai na amsa wa juna, ɗigon raɓa na faɗowa a kan faffaɗan ganye ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya so a ɗora kiɗa tun daga farko. Na roƙe shi ya bar mini daƙiƙa goma na farko babu kiɗa babu magana. Sai dai ba kowane sauti ne ke tsira a ƙaramar lasifikar waya ba. Mun je matsirgar ruwa ta Agbokim, kusa da Ikom, rugugin ruwan har a ƙirji kake jinsa, amma da na saurara a wayata sai ya koma kamar rediyon da ya ɓata tasha. Dole na rage shi can ƙasa, na ɗora sautin ɗan ruwan da ke gangara kan duwatsu, wanda na ɗauka dab da shi.

Gardamarmu ta gaske a kan goggon biri ce. Kowa a yankin yana alfahari da goggon birin Kuros Riba, wato gorila, wanda ke rayuwa a tsaunukan kan iyakar Najeriya da Kamaru kaɗai, kuma kiyasin masana bai wuce ɗari uku da suka rage ba. Akwai su a tsaunin Afi da ɓangaren Okwangwo na gandun dajin ƙasa da aka kafa a 1991. Amma ko masu bin sawunsu da wuya su yi ido biyu da su, yawanci sai shimfiɗar ganyen da suka kwana a kai. Alhaji ya ce a sayo hoton goggon biri a intanet a liƙa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya taso daga Zariya da iyalinsa saboda wannan hoton, in bai gani ba, a ƙofar gidanka zai sauke fushinsa." Ya yi shiru, ya ce to me za a nuna. Muka nuna abin da baƙo zai gani da idonsa: gonar koko da 'ya'yan a manne jikin itace, ayaba a rataye, rafi, hazo a kan tsauni.

Da na dawo shagona a Sabon Gari na zauna tacewa, sai wata matsalar ta ɓullo. Mutanenmu a WhatsApp za su kalla, shi kuwa yana matse bidiyo, kuma babu abin da ke wargajewa a matsi irin dubban ganye masu motsi. Duk inda na ja kyamara da sauri cikin itatuwa ya koma dusu-dusu. Na zubar da su, na riƙe waɗanda kyamara ke tsaye cak da waɗanda na matsa kusa: hannu na fasa ƙwallon koko, tururin shayi a baranda, ƙafa cikin ruwa. Na yanka shi a tsaye, daidai fuskar waya, na sa rubutun Hausa manya-manya.

Kafin in miƙa, na nuna wa Innata. Ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Wuri ya yi kyau. To a ina ake sallah, kuma wa ke yanka musu nama?" Na duba kayan da na ɗauko, akwai ɗan ɗakin sallar da Alhaji ya gina, akwai mahaucin da ke kawo nama daga wajen Hausawan Ikom, na ɗauke su ne kawai don tarihi. Na cusa su a tsakiya, tare da gidan sauro a kan gado da faɗin gaskiyar cewa tafiyar mota ta yini guda ce cur, in ma ba a kwana a hanya ba.

Na ba da shawarar a riƙe shi sai bazara, aka sake shi a watan Afrilu, lokacin da ko fanka iska mai zafi take hurawa a Zariya. Masu kira suka fara kira, kuma tambayarsu ta farko kusan ɗaya ce, lafiyar hanya tsakanin Makurɗi da Ogoja. Yanzu Alhaji na so mu koma mu yi na biyu a kan hanyar kaɗai, inda za a tsaya a ci abinci da inda ya kamata a kwana. Na ce masa sai ruwa ya ja baya.